Nomau Mai Gadin Akwatin Ruwa

A gidanmu da ke Kwarin Maje mu uku ne manya: ni Tasalla, da ƙanena Nomau, da matarsa Hajo, wadda Allah ya ba haƙurin da bai ba ni ba. Sai 'ya'yansu biyu, da wata akuya mai ido ɗaya wadda a ganina ta fi maigidan tunani. Nomau ba mahaukaci ba ne, ba kuma mugu ba. Ciwonsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da gari zai ƙone. Ya ba arba'in baya, furfura ta fara fito masa a gemu, amma har yau in ka ce ya tsaya a nan, sai ka dawo ka ce ya tafi. Ni na goye shi, ni na san wahalar da na sha.

Abin da na mallaka a duniya shi ne irin albasar Inna, mahaifiyarmu. Ja ce, mai yaji, tana kai damina a rumfa ba ta ruɓe ba. Inna ta gada wurin uwarta, ni na gada wurin Inna, kuma duk kwarin nan babu mai ita sai ni. Irin albasa ba ya ajiyuwa, in ya shekara ba ya tsira. Saboda haka kowane rani sai na dasa uwayen albasa a 'yan fangalina, su yi kara, su yi fure, in girbe sabon iri. Rani ɗaya ruwa ya yanke lokacin fure, shi ke nan, irin Inna ya bi ta kabari.

Ruwan kuwa yanzu ba a hannun mutum yake ba. Da can maza kan fasa wa juna kai da fartanya a kan layin ruwa. Sai ƙungiyar manoman rani ta kafa famfunan sola, ta gina ɗan ɗaki a bakin fadama, ta ajiye kwamfuta a ciki. Ita ke buɗe wa kowa ruwa in layinsa ya zo, ta rufe in ya wuce, ta turo masa saƙo a waya. Injiniya Murja, 'yar garinmu da ke aiki a birni, saba take kiran abin. Mu akwatin ruwa muke ce masa. Da aka tashi neman mai gadi, Murja ta ce ba ta son mai wayo, tana son wanda zai yi abin da aka ce masa kawai. Kowa ya juyo ya kalli Nomau. Na ce mata ba ta san abin da take roƙo ba, ta yi dariya ta ce in kwantar da hankalina.

Wata rana Murja ta zo da manhaja iri biyu, wato abin da ake ɗora wa akwatin ya zame masa ƙwaƙwalwa. Ta ce duk biyun kyauta ne. Ɗaya in ta buɗe sai ka ga hoton dawisu, launi kala-kala, har da ɗan kiɗa. Ɗayar baƙin allo ce da hoton jaki a kusurwa. Alhaji Mamuda, shugaban ƙungiya, ya ce mai dawisu yake so, don ita mutanen Tsallaken Gulbi suka ɗora, kuma ba za a ce sun fi mu ba. Murja ta yi ta bayani har muryarta ta dishe. Ta ce kowace manhaja tana da ɓaraka, kamar katangar laka bayan damina, kuma masu kutse kullum suna zagaye suna neman ɓarakar. Abin dubawa shi ne wa zai turo faci in an gano ɓaraka, kuma shekara nawa ya yi alkawarin ci gaba da turowa. Mai dawisu mutum ɗaya ya haɗa ta, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Mai jaki kuwa jama'a ce guda ke kula da ita. Alhaji ya ce shi dai surutu yake ji. Sai ta ɗora su a kan tsofaffin kwamfutoci biyu don a gwada, ta juya ga Nomau.

"Kawu, zauna nan. Kada ka ɗauke ido daga kansu sai ka ga wadda faci ya fara zo wa."

Ranar ce ya yi min alkawarin kai uwayen albasa fadama a baro. Na jira shi har rana ta take. Da na je sai na same shi zaune a tabarma, ido jajur, hawaye na zuba, Hajo na ɗura masa fura da ludayi, wai in ya sunkuya zai ɗauke ido. Na wanke shi tas, ko juyowa bai yi ba. Ni na yi jigilar albasar a kwando, bayana kamar zai tsinke. Washegari da hantsi mai jaki ta yi ƙara, faci ya zo. Mai dawisu tana nan tana ta sheƙi, shiru kake ji. Aka ɗora mai jaki, Alhaji ya yi ta kumburi yana ƙin amsa gaisuwa.

Wata rana, bayan na gama dashe, batirin sola ya yi sanyi, akwatin ya mutu. Da rana ta fito ya farfaɗo, ya tsaya yana neman kalmar sirri kafin ya kama aiki. Murja ta riga ta sa Nomau ya haddace kalmar, ta kuma ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa, ko Alhaji, ko Hajo. Layina ne da safen nan. Na tsaya a bakin fangali ina kallon busasshen bututu har ƙafata ta gaji, sannan na nufi ɗakin. Ga Nomau ya harɗe hannu yana hararar allon, kamar wanda suka yi faɗa.

"Me kake jira?"

"Kalmar yake tambayata, Yaya."

"To ka ba shi mana."

"Injiniya ta ce kowa."

Na ce masa akwati ba mutum ba ne. Ya ce in ba mutum ba ne, ta yaya yake tambaya? Na rantse masa, na yi lallashi, na ɗaga takalmi, ko gezau. Na kira Murja tana cikin taro ba ta ɗauka ba sai azahar. Da ta ji labarin ta kama dariya, har sai da na ce zan shiga mota in zo birni in same ta. Ta ce wa Nomau ban da akwatin. Ya sa ta maimaita, ya sake sa ta ta maimaita, sannan ya danna kalmar da yatsa ɗaya yana rufe allon da hularsa don kada in gani. Kafin ruwa ya iso lawashin ya kwanta. Na bakin fangali ba su ƙara tashi ba.

Wata rana Murja ta leƙa akwatin daga birni ta ga wani faci ya daɗe yana jira, don ba wanda ya ce wa Nomau ya saka shi. Ranta ya ɓaci. Ta ce facin da aka turo ba a saka ba, tamkar an yi wa ɓarayi shela ne ga inda katanga ta tsage. Ta kira shi a gabana ta ce da zarar wayarsa ta yi ƙara, ya bar duk abin da yake yi ya je ya saka. Ina jin haka gabana ya faɗi. Ba a daɗe ba maza suka taru za su ɗora wa ɗakin maƙwabcinmu Malam Haladu sabuwar jinka. Nomau ƙato ne, shi aka ba ɓangare guda shi kaɗai. An ɗaga, an kusa kaiwa kan bango, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya saki. Jinka ta karkata ta kife Malam Haladu da mutum biyu, kamar kaji a ƙarƙashin kwando, suna ta salati daga ciki. Nomau kuwa ya riga ya yi fadama da gudu. Ya saka facin, kuma facin nan ba ya kamawa sai akwati ya mutu ya sake tashi. Layina ne, ruwa ya shiga fangali na biyu ke nan. Kafin akwatin ya dawo hayyacinsa lokacina ya wuce, ya buɗe wa na gaba, wato tumatirin Alhaji Mamuda. Na roƙi Alhaji ya sam min ko kaɗan, ya gyara hula ya ce ba shi ya zaɓi jaki ba. Da jarka na ɗebo ruwa daga gulbi har magariba, ina tafe ina tsine wa boko da masu boko. Daga baya Murja ta tsayar da lokaci, ta ce a riƙa saka faci ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da famfuna ke hutawa. Abin da ya kamata ta faɗa tun farko ke nan.

Wata rana ta ba shi wani ɗan filashi kamar ƙwallon dabino, ta ce kwafin duk abin da ke cikin akwatin ne, ya ajiye shi nesa da ɗakin ko da gobara za ta tashi. Ya tambaye ta nesa kamar yaya. Tana ƙoƙarin shiga mota, ta ce iyakar nisan da zai iya. Da yamma aka gan shi a bayan babbar motar albasa mai zuwa kudu, da makullin ɗakin a aljihunsa. Hajo ta yi kuka har ta gaji. Ba mai goge faifan sola, ruwa ya koma zuwa kamar fitsarin akuya, Juma'a ta zo ta wuce ba a saka faci ba. Da ya dawo ƙafa a kumbure, ba hula, ya ce ya kai inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara, ya ba wani mai tsire ajiya don ya ji yana Hausa. Aka tambaye shi sunan mutumin, ya ce ba a ce ya tambayi suna ba. Dole Murja ta bar aikinta ta zo ta canza kalmar sirri da duk abin da ke canzuwa, tunda kwafinmu yana hannun baƙo. A ranar ba ta yi dariya ba, kuma ni ma ban tausaya mata ba.

Wata rana albasata ta yi fure. Fari tas, dunƙule-dunƙule a kan kara, ƙudan zuma na ta shawagi. Wannan ne lokacin da ko wuni ɗaya ba ta jure ƙishirwa. A lokacin kuma Alhaji Mamuda ya mayar da ɗakin akwati majalisarsa, saboda akwai fanka. Baƙinsa har cajin waya suke sokawa a jikin akwatin. Na shiga na same shi da shugaban manoman Tsallaken Gulbi, wani mai baki kamar rediyo, yana cika baki cewa tasu mai dawisun tunda aka ɗora ta ba ta taɓa neman faci ba, ba ta taɓa mutuwa ba. Alhaji yana gyaɗa kai, yana cewa ranar kasuwa zai kawo mutuminsu ya sauke wannan jakin a huta. Ana cikin haka ƙafar wani ta harɗe wayar wutar akwatin, na ji famfo ya yi tari a waje ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ban san lokacin da na ɗaga fartanya ba. Suka fita suna karo da juna, wani ya bar takalmi. Na juya ga Nomau.

"Daga yau kada wani abu daga waje ya ƙara shiga ɗakin nan sai albasata ta yi iri."

"Komai, Yaya?"

"Komai."

Ya ɗaga kai ya kalli rufi. Ban tambaye shi dalili ba, na fice. Ina bayar da baya ya ɗauki lauje ya hau kan ɗakin. Akwai wata eriya a can mai kawo intanet, kuma ya san ta nan faci ke shigowa daga waje. Ya yanke wayarta, ya sake yankewa a gaba, ya sake a gaba, don ya tabbatar.

Ruwa bai tsaya ba, don layin kowa yana cikin akwatin. Amma saƙo ya daina zuwa waya, ba wanda ya san lokacin da nasa zai zo. Duk kwarin aka koma zaman gadin fangali a rana, kowa na jiran bututu ya yi magana. Murja tana wani aiki mai nisa, ta kira tana faɗa, ta ce yanzu ba ta ganin akwatin, faci ba zai shiga ba, kuma ba mai iya haɗa wayar sai ita. Alhaji abin nema ya samu. Ya tara mutane a gindin majen kasuwa, ya ce Tasalla da ƙanenta sun kashe akwatin jama'a, ya karɓe makulli daga hannun Nomau. Aka ce Nomau ya kare kansa.

"Yaya ce ta ce," in ji shi.

Dariyar da aka yi har yau tana kunnena. Mata na nuna ni da baki, waɗanda suka wuni a rana suna tsaki. Na cika na batse. Na taka har gabansa na ce, "Kada in ƙara ganin fuskarka." Nan take ya juya ya fuskanci gindin bishiyar. Na ɗauka kunya ce ta kama shi, na yi tafiyata.

Kafin ranar kasuwa ta zagayo labari ya iso daga Tsallaken Gulbi. Famfunansu sun tsaya cak. Dawisun ya ɓace daga allo, an bar musu rubutu cewa an kulle akwatinsu, sai sun biya za a buɗe. Ba su kaɗai ba ne, ƙauyuka da dama abin ya shafa. Murja ta iso a kan acaɓa, ko ruwa ba ta sha ba ta wuce ɗakin, mutane suka bi ta. Ta ce masu kutse sun gano wata babbar ɓaraka da ke jikin manhajojin biyu, suka bi duk akwatin da ke haɗe da intanet a kwanakin nan. Masu kula da mai jaki sun aiko da gargaɗi a cire kowane akwati daga intanet har su gama haɗa faci, amma kafin gargaɗin ya same ta ɓarayin sun riga sun zagaya. Facin ya fito yanzu, ga shi a jakarta. Mai dawisu kuwa ba gargaɗi, ba faci, kuma babu mai turowa. Ta bincika namu ciki da waje, ta daɗe tana dannawa, sannan ta jingina da bango ta ce ba wanda ya shiga. Ta tambayi wa ya yanke wayar. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce ai shawarar ƙungiya ce. Na ce masa ya ji tsoron Allah, takalmin baƙonsa ma yana nan a bayan ƙofa.

Na haye gulbi na ga gonakin Tsallake da idona. Tattasai ya zube, albasa ta kwanta, maza da mata na jigilar ruwa a jarka. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, manoma ne irina, kuma ba su suka zaɓi dawisu ba. Murja ta ɗora musu mai jaki daga baya, amma abin da ya bushe ya bushe. Tawa albasar kuwa ko layi ɗaya ba ta rasa ba. Furen ya ƙanƙance, ya yi ruwan ƙasa, baƙin iri ya fara leƙowa.

Duk kwanakin nan ban sa fuskar Nomau a ido ba, alhali gida ɗaya muke. Da ya ji takuna sai ya juya wa bango. Abinci ma a haka yake ci, in ji Hajo, wadda ta daina gaishe ni da sakin fuska. Na tsinko kan furen albasa ɗaya da ya bushe, na karɓi makullin da Alhaji ya aiko a ba shi, na shiga zaure na same shi. Na murza furen a tafin hannuna, irin ya zubo baƙi wul.

"Nomau, irin Inna ya kama. Duba."

"Kin ce kada ki ƙara ganin fuskata, Yaya."

Ƙato mai furfura, yana magana da bango. Na ji haushin kaina, na ji haushinsa da ya sa ni jin haushin kaina. Duk gidanmu shi kaɗai ya ɗauko fuskar Inna, da hancin, da girar, har yadda take runtse ido in tana jiran a gama magana. Kuma ni da bakina na ce kada in ƙara ganin ta.

"Juyo."

"Na yau kaɗai, ko kullum?"

"Kullum, sakarai."

Ya juyo, ido jajur. Ya kalli irin a hannuna ya daɗe, sannan ya sa yatsa ya taɓa shi a hankali.

Washegari na ɗauki kwando na nufi fadama girbi. Sai ga Nomau ya sha gabana, ya juyo yana kallona, yana tafiya da baya a kan siririyar hanyar da ke tsakanin gonaki. Na ce ya juya ya kalli gabansa kafin ya tattake min albasa. Ya ce ai na ce kullum. Haka muka tafi har bakin fangali, ina zaginsa ina riƙe da hannun rigarsa kada ya faɗa.